Aikin Ɗaya ga Wata

Litinin, da hantsi

Baban yara ne ya sayo min littafin nan, wai in riƙa zuba surutun ofis a ciki ko kunnensa ya huta. To ga shi na fara, amma ba zai huta ba.

Aikina tsaron layi ne. Kamfaninmu yana tura wa marasa lafiya saƙon waya a madadin ƙananan asibitoci: ka sha maganinka, gobe ranar awonki, ranar kaza a kawo jariri allura. Kowane saƙo aiki ne guda, ya shiga layi ya jira. A cikin kwamfutar da ke riƙe da komai, wadda muke kira saba, akwai 'yan ƙananan manhajoji masu ɗaukar aiki ɗaya-ɗaya daga layin, su yi, su dawo su ɗauki wani. Leburori muke ce musu. Mai raba musu aikin yana duban agogo kuwa, shi ne Helma, wato shugaban leburori. Kawu ne ya raɗa musu sunayen tun kafin a ɗauke ni aiki.

Kawu ba kawun kowa ba ne, shi ne dai babba a ɗakinmu. Teburinsa na kusa da nawa. Kujerarsa ce kaɗai mai matashi, matarsa ta ɗinka masa, kuma kullum da azahar ɗan acaɓa ke kawo masa girkinta a wata kula shuɗiya, mu duka mu sa hannu.

Tun ranar Alhamis da wayarsa ta yi ƙara ya fita ya bar tabaraunsa kan tebur, bai dawo ba. Abin da ya faru ba nawa ba ne, ba zan rubuta shi nan ba.

Layin dai lafiya lau. Ina son ganinsa da safe, ya cika maƙil, leburori su far masa, kafin in gama shayi ya zama fayau.

Talata, bayan azahar

Na yi saurin yabo. Wata nas ta bugo tana dariya, wai wani tsoho ya zo musu da wayarsa yana cewa sau biyu aka ce ya sha maganin safe, ko so muke ya ƙarar da kwalin kafin sati? Ita dariya take, ni ban ga abin dariya ba. Idan wani bai yi tambaya ba ya sha fa?

Na duba. Ba shi kaɗai ba ne. Nan da can, saƙo na fita sau biyu. Ruwa ba ya tsami banza, amma har aka tashi ban gano bakin zaren ba.

Na saka tabaraun Kawu cikin aljihun teburinsa kada mai shara ta ture shi.

Laraba, da yamma

Babu kula yau ma. Biskit na ci.

Alhamis, bayan la'asar

Manaja ya kira ni ofishinsa, ya rufe ƙofa. In ya rufe ƙofa ba alheri.

Maganar aikin ɗaya ga wata ce. Shi ne babban aikinmu: ranar ɗaya ga kowane wata, ƙarfe shida na safe, yana tashi da kansa ya tattaro ranakun awo da na allura na duk asibitocin, ya jera su a layi na wata guda cur. Kawu ne ya rubuta shi shekarun baya. Ƙarshen watan nan za a kashe tsohuwar saba, dole a sake rubuta shi ya zauna a sabuwa. Kawu ya ɗauki aikin da bakinsa, ya ma fara.

Manaja ya ce, "Ki karɓa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, aikin na hannun Kawu."

"Hannun nasa na ina? Na kira ba ya ɗauka."

Ba mugu ba ne Manaja, kar in ɗauki alhakinsa. Ya cire hula ya share goshi ya ce shi ma daga sama ake matsa masa. Sun daɗe suna ƙorafin Kawu ya tsufa, yana da nawa. Ya ce min gaskiya tsirararta: idan ɗaya ga wata ta zo aikin ya tafi ba da hannun Kawu ba, za su ce ashe ana iya yi ba shi, kujerarsa ta tafi ke nan. Idan kuma aikin bai tafi ba gaba ɗaya, mu duka ne za mu tafi.

Na ce a ba shi lokaci. Ya ce lokaci ba nasa ba ne da zai bayar.

Juma'a, da hantsi

Na kama shi! Helma ne mai laifin, munafuki.

Ashe in ya miƙa wa lebura aiki, ɗan lokaci kaɗan yake jira. In bai ji an ce an gama ba, sai ya yanke cewa leburan ya mutu, ya ɗauki aikin ya ba wani. Alhali bawan Allah bai mutu ba, yana can tsaye ƙofar kamfanin waya yana jiran a amsa masa, don kwanan nan layinsu nawa yake yi. Na farko ya gama, na biyu ya gama, tsoho ya ji ƙit-ƙit sau biyu a aljihu.

Har rawa na taka a kujera. Abokan aiki suka ce lafiya? Na ce lafiyar ce ta kawo haka.

Maganin da na yi tunani mai sauƙi ne. Kada Helma ya riƙa jiran "na gama." Kowane lebura, muddin aiki na hannunsa, ya riƙa ɗaga murya lokaci-lokaci yana cewa ina nan. Muddin ana jin wannan, ba mai taɓa masa kaya, ko zai wuni. Sai an ji shiru na gaske sannan a ba wani.

Asabar, da yamma

Mun je asibiti ni da Baban yara, duba matar Kawu. Doguwar baranda, bencin ƙarfe, warin maganin goge ƙasa. Mutum ɗaya ake bari ya shiga, kuma ba mu ba ne.

Kawu ya fito. Rigar ranar Alhamis ɗin can ce a jikinsa, an dai wanke ta. Kwamfutarsa na cikin jaka a ƙarƙashin benci. Muka gaisa, Baban yara ya yi masa ya mai jiki, ya ce da sauƙi, da irin muryar da ake faɗin haka.

Don in cika shirun na ba shi labarin Helma. Wallahi sai ga shi yana murmushi. Ya ce, "Ja'iri! Ni na koya masa rashin haƙurin nan. Lokacin layin waya na da sauri."

Sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Aikin ɗaya ga wata ina yi, 'yar nan. In an kore ni daga ciki lokacin wanka, nan nake zama in taɓa. Kaɗan-kaɗan."

Na ce, "Kawu, ba sai ka ɗauki wayar kowa ba. Kullum da safe ka turo min kalma biyu kawai. Ina nan. Ni zan ji da Manaja."

Ya ce, "Au, ni ma lebura kika mai da ni?"

Na ce, "Babban lebura ma kuwa."

Na ba shi tabaraunsa. A mota Baban yara bai kunna rediyo ba har muka iso gida.

Litinin, da safe

Ina nan. Ya turo tun ina ɗaura wa Auta takalmin makaranta.

Na ɗora gyaran Helma. Zama na yi ina kallon allon kamar mai kallon jariri na barci: leburori jere, kowanne na ƙyafta koriyar fitilarsa. Ɗaya ya daɗe ƙofar kamfanin waya, Helma ya bar shi, ya gama, ya dawo. Saƙo ɗaya, sau ɗaya. Daɗi kamar ya kashe ni.

Talata, da safe

Ina nan.

Na kai wa Manaja wayar har teburinsa. Ya karanta ya ce, "Ina nan ba aiki ba ne." Na ce amma ba mutuwa ba ce. Ya yi min kallon ke dai da baki.

Laraba, bayan azahar

An yi baƙi, kujeru sun kasa a ɗakin taro, aka zo aka ja ta Kawu. Da matashin da komai. Bayan taron ba wanda ya dawo da ita. Na tashi zan ɗauko, aka ce ai gobe ma akwai wani taron.

Gurbin ya yi min faɗi. Na tura kwandon shara wurin, ya ƙara muni, na janye.

Alhamis, da yamma

Ina nan, ya ce. To.

Yau na buɗe tsohon rubutunsa na aikin ɗaya ga wata. Dubawa kawai na yi. Kawu in zai rubuta manhaja kamar mai ba da labari yake, ko'ina da bayani a gefe: wannan asibitin ba sa awo ran Laraba, wancan nas ɗinsu ta roƙa kada a tura wa mata saƙo kafin gari ya waye. Har da inda ya rubuta, "Kada a taɓa nan, na sha wuya."

Dubawa kawai na yi.

Asabar, da hantsi

Ƙarya nake. Na fara rubuta nawa.

Ba don in nuna wa kowa ba. Amma in na tuna matan da za su manta ranar awo, da jariran da allurarsu za ta wuce, sai in kasa barin abin haka. In ajiye shi a gefe kawai, kamar tayar safaya.

Baban yara ya leƙo ya ce, "Wannan ba aikin da kika ce na hannun Kawu ba ne?"

Na ce, "Safaya ce."

Ya ce, "Mhm. Shi wancan naku mai rabon aiki, me kika ce laifinsa ma?"

Na jefe shi da matashi. Malamin firamare ne, ya saba yin tambayar da ya san amsarta. Haushi ya hana ni cin abincin rana, shi kuwa ya cinye har da nawa.

Litinin, da safe

Ina nan.

Talata, bayan la'asar

Ina nan, ya turo, har da ƙari yau: "Ta motsa yatsa." Na shiga banɗakin ofis na yi kukana na wanke fuska na fito. Aka ce mura? Na ce mura.

Layi lafiya. Ba wanda ya sake samun saƙo biyu. Nas ɗin nan ta bugo ta ce tsohon ya ce a gaishe mu, mun yi hankali.

Laraba, da yamma

Nawa ya kammala. Gajere ne, tsaf, ba surutu. Na ɗora shi a sabuwar saba na gwada da sunayen ƙarya, ya tafi sumul. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin kaina. Na iya aikin nan, Allah ya sani.

Sai na tuna Kawu a bencin ƙarfe, daɗin ya gushe.

Manaja ya tsaya kaina da za a tashi. "Litinin ce ɗaya ga wata. Kina da wani abu a hannu?"

Na ce, "Aikin na hannun Kawu."

Ya dube ni. Ina jin ya sani. Ya ce, "Allah ya sa," ya wuce.

Juma'a, da hantsi

"Ina nan. Na gama. Anjima zan ɗora."

Alhamdu lillahi! Na karanta wa duk ɗakin da ƙarfi. Na sayo wa kowa lemo. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu magana, yau na yarda.

Asabar, da azahar

Bai turo ba. Wataƙila caji ne.

Na yi wanki, na yi wa Auta kitso tana ta ihu kamar ana yanka ta. Rana mai kyau, iska na kaɗa shanya. Na duba wayar ya fi a ƙirga.

Lahadi, bayan la'asar

Yau ma shiru. Na kira, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Zuciyata ta tafi wurin da ba na so, na dawo da ita.

Ina cikin guga abin ya faɗo min kamar an mare ni. Nawa! Tun ranar Laraba da na gwada shi ban sauke ba. Yana nan zaune a sabuwar saba, a kunne, an sa masa ƙarfe shida na safiyar gobe. Idan na Kawu ya tashi nawa ya tashi, duk mai ciki da duk mai jego za ta sha saƙo bibbiyu wata guda. Ni da na wuni ina zagin Helma!

Na bar rigar Baban yara ƙarƙashin dutsen guga na ruga. Na shiga saba ta kwamfutata, na ga sunan aikin Kawu a jere ƙarƙashin nawa, ya ɗora kamar yadda ya ce. Kunya ta hana ni ko tsayawa kallonsa. Na kashe nawa na rufe kwamfutar da sauri kamar ɓarauniya.

Rigar ta ƙone a kafaɗa. Ya ɗaga ta ya ce, "Wannan ma safaya ce?"

Litinin, ɗaya ga wata, da yamma

Bari in rubuta shi daki-daki.

Na isa ofis da wuri in ga layin ya cika. Na ajiye jaka, na haɗa shayi, na kunna allo. Fayau. Leburori jere, kore-kore, kowa na cewa ina nan, ina nan, ba mai ko tsinke a hannu. Shida ta wuce tuntuni. Ba abin da ya tashi.

Na buɗe na Kawu. A kashe yake. A samansa ya bar layi ɗaya, irin bayanin da yake yi a gefe: "Na tarar da naki a kunne. Na karanta, ya yi kyau, ya fi nawa tsabta. Na kashe nawa kada su tafi biyu."

Inna lillahi. Shi ya kashe nasa don ni, ni na kashe nawa don shi. An gudu ba a tsira ba. Shirun kwana biyun nan ashe ba caji ba ne. Mutum ya zauna bencin ƙarfe sati uku yana rubutu a kan gwiwa, yana turo min ina nan kullum, ya zo ya tarar na riga na ba wani kayansa.

Ina haka Manaja ya shigo. Ya dubi allon, ya dube ni. Ya ga guda biyu a jere, duka a kashe, bai buƙaci bayani ba. Ya ce a hankali, "Kunna naki. Danna ɗaya ne."

Gaskiyarsa, danna ɗaya ne. Kuma na san abin da dannar za ta ci.

Na ce, "Ranka ya daɗe, saƙon farko sai tara yake fita. Ka ba ni zuwa takwas. In ta yi, da hannuna zan kunna."

Na kira Kawu. Bai ɗauka ba. Na sake. Na uku na rubuta masa: "Kawu, layi fayau. Na kashe nawa tun jiya. Ba wanda ya tashi."

Ko ajiye wayar ban yi ba ta yi ƙara.

"Kin kashe? Don me?"

"Don naka ne aikin."

"Naki ya fi kyau, 'yar nan. Ba daɗin baki nake miki ba."

"Tsoro ne ya sa na rubuta shi, Kawu. Ka ce kana nan, ban yarda ba. Ka yafe min. Amma in kana nan, ka tashi ka kunna abinka, Manaja na tsaye kaina."

Ina jin ƙarar keken marasa lafiya na wucewa ta wajensa. Sai kuma na ji wani abu, na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, irin wadda ke fita da tari.

"Leburori biyu, kaya ɗaya, kowa na cewa bismillah! Ko Helma bai taɓa wannan wautar ba."

Na ji zif ɗin jakarsa. Muka tsaya ni da Manaja muna kallon allo. Sai alamar aikinsa ta koma kore. Sai layin ya fara cika, asibiti bayan asibiti, yana tsallake Larabar wancan, yana jinkirta saƙon matan wancan zuwa wayewar gari. Wannan na biyun ni na manta da shi a nawa, sai a lokacin na tuna. Leburori suka far masa.

A gefen aikin, inda saba ke rubuta wanda ya tayar da shi, sunan Kawu ne. Manaja ya sunkuya ya ɗauki hoton wurin da wayarsa. Ya ce, "Wannan zan tura sama." Da ya kai ƙofa ya juyo: "Ke kuma ki sauke wancan kafin ya haifa mana wani abin."

Na sauke. Ban ji ciwo ba ko kaɗan. To, kaɗan.

Talata, da safe

Ina nan.

Na amsa masa: mu ma.

Na je ɗakin taro na jawo kujerar da kaina. Wani ya ce akwai taro anjima. Na ce su zauna a ƙasa.

Alhamis ta sama, da azahar

Ya dawo, rabin wuni zai riƙa yi. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya zauna, ya gyara matashin, ya buɗe gyaran da na yi wa Helma ya karanta, ya ce ba laifi, sai dai ba bayani a gefe, wa zai gane bayan na tsufa?

Ana kiran azahar ɗan acaɓa ya leƙo da kula shuɗiya. Kawu ya buɗe, ya ɗanɗana, ya ɗan runtse ido, ya turo ta tsakiyar tebur.

"Ku yi haƙuri, gishirin ya yi yawa. Da hagu ta zuba, hannun damanta bai gama dawowa ba."

Mun cinye tas.